Kwalba Biyu a Ƙofar Firij

"Gobe da safe zan mayar musu da kayansu," in ji Yaya Hussaini. "Goro, alewa, tabarmi, har da akwatin. Ko tsinke ba za a bari a gidan nan ba."

Zulfa tana durƙushe gaban murhu tana dama wa Baba kunu. Ludayin ya kuɓuce mata ya nutse cikin kwano.

"Yaya, saura wata biyu fa biki."

"Bikin wa? Mutumin da ya makantar mana da uba shi za mu ɗauki ƙanwarmu mu ba? Ke ko kunya ba kya ji?"

Ta juya wajen Umma. Umma tana zaune kan tabarma tana ƙulla zoɓo a leda, ba ta ko ɗago kai ba.

"Umma, ki sa baki."

"Bakin me zan sa, Zulfa? Tun farko na faɗa, namiji da gemunsa ya zauna yana manna kwali yana cewa sana'a ce. Babanku ne ya ce a bar shi, yaron kirki ne. To ga kirkin nan mun gani."

Hawaye suka cika wa Zulfa ido, amma duk da haka ta dubi yayanta.

"Likitan Kano cewa ya yi da gam ɗin kaɗai ne, da cikin kwanaki idon zai buɗe. Fetur ɗin da aka zuba ne ya ƙone..."

"Rufe mini baki!" Muryar Hussaini ta yi rawa. "Ni na kawo gam gidan nan? Ina ganin ubana yana birgima a ƙasa, me kike so in yi? Da bai ajiye masifarsa kusa da maganin Baba ba, da wa zai nemi fetur?"

Ya shuri bokitin da ke gabansa ya fice. Zulfa ta tsamo ludayin da yatsu, kunun ya ƙona ta, ba ta ko ji ba.

Yau kwana tara ke nan.

Abdulmannan, wanda aka sa musu rana da shi, sana'arsa haɗa ƙananan abubuwa ce: gidaje, gadoji, jirage, da kwali da siririn katako, wasu ba su kai tafin hannu ba. Wata ƙungiya mai wayar wa manoma kai kan ambaliya ta ba shi aiki mafi girma da ya taɓa samu. Zai fitar da fadamar Haɗeja a kan faifan katako, da kogin, da jinga, da gonakin shinkafa, da ƙauye guda, don a nuna wa mutane ta inda ruwa ke shigowa.

Gam ɗin sufa gulu da yake aiki da shi ba irin na 'yan tireda ba ne. Daga Kano yake sa a kawo masa, tsinkakke kamar ruwa, cikin 'yar farar kwalbar roba mai tsinin baki. Zafi da laimar damina suna daskarar da shi cikin mako guda, shagonsa kuma ba wuta. Gidan su Zulfa kuwa akwai firij mai sola a soro, na zoɓon Umma.

Ranar da ya kawo shi, cikin kwalbar zuma ya zo da shi, wankakkiya busasshiya, rabinta ɗanyar shinkafa.

"Shinkafar ita ke shanye laima," ya ce mata. "Ki ɗaure murfin sosai. In kin fito da shi kar ki buɗe sai sanyin ya sake shi, in ba haka ba zai yi gumi ya daskare. Kuma duk abin da za a yi, Zulfa, ya koma cikin shinkafar nan. Kar ya kwana a waje."

Ita ta roƙe shi ya koya mata. Ya nuna mata yadda ake ɗiga ɗigo ɗaya a murfin lemo, a lakato da bakin tsinken sakace, a taɓa gefe guda kawai, a haɗa, a riƙe har a ƙirga goma. Sannan a goge bakin kwalbar kafin a rufe. Da ya ga hannunta ya faɗa, ya ba ta 'yan kwale-kwale goma sha biyu ta manna musu wurin zama.

Ranar Laraba da yamma tana kan na takwas hadari ya taso. Umma ta ƙwala mata kira a kwashe shanya. Ta zabura, ta cusa 'yar kwalbar a ƙofar firij, a ranta tana cewa in ta dawo ta mayar da ita cikin shinkafa.

Ba ta dawo ba. Ta manta.

A nan ƙofar firij ɗin Baba yake ajiye maganin hawan jinin idonsa. Shi ma 'yar farar kwalba ce. Idon hagu ya daɗe da mutuwa, da na dama yake aikin babbar riga, da shi yake karatun Alƙur'ani. Takardar jikin kwalbar gam kuwa sanyi ya riga ya ɓamɓare ta.

Alhamis da hantsi suka ji salatinsa. Ya ɗauki kwalbar gam a zaton maganinsa ne, ya ɗiga a idon dama.

Zulfa ta kira Abdulmannan. "Kar a ja fatar!" yake cewa a waya. "Kar a zuba komai sai ruwan ɗumi! A tafi asibiti yanzu!" Tana maimaita maganar da ƙarfi, amma Hussaini ya riga ya zuƙo fetur daga babur ɗinsa.

Da aka dawo da Baba daga Kano, Abdulmannan ya zo. Ba ta shiga ɗakin ba. Ta dai ji daga bakin Umma cewa ya durƙusa ya ce shi ne. Wai ya zo ɗibar gam ranar Laraba, ya manta bai mayar cikin kwalbar shinkafa ba.

Ita kuma ta yi shiru. Kwana tara tana shiru.

*

Da aka tashi daga firamaren da take koyarwa, ba ta nufi gida ba. Ta tare keke ta ce a kai ta hanyar gada.

Kogi ya cika har ya haura ciyawar bakin gaɓa. Shagon Abdulmannan yana buɗe, amma ba ƙarar zarto, ba rediyo. Faifan katakon yana lulluɓe da tsohon zanin gado. Shi kuma yana zaune kan benci ya haɗa kai da gwiwa.

Ta yi sallama daga bakin ƙofa. Ya ɗago. Cikin kwana tara ya rame, wuyansa har ya yi tsawo.

"Zulfa? An san kin zo?"

"Gobe za a dawo muku da kaya."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na ji. Kawuna ya faɗa mini jiya. Yaya jikin Baba?"

"Haske kawai yake gani, kamar ta cikin leda. Sun ce a koma bayan wata guda. Ba su ce zai gani ba, ba su ce ba zai gani ba." Ta zauna a ƙarshen bencin, ta ja hijabinta ta rufe fuska. "Abdul, me ya sa ka yi mini haka?"

"Me na yi miki?"

"Ka ɗauki laifina ka ɗora wa kanka, ka bar ni da shi a ciki. Ina zaune ana zaginka a gabana, safe da yamma. Jiya Umma har cewa ta yi Allah ya isa. Ni na kai mata ruwan da ta sha bayan ta gama faɗa."

"Ai ba ƙarya na yi duka ba. Ni na kawo shi. Na san Baba na ajiye magani a firij ɗin nan, na gani da idona. Ya kamata in naɗe kwalbar da jan selotef, ko in sake mata mazubi, ko in haƙura gam ɗin ya yi ta daskarewa. Saboda kar in yi asarar ɗan gam, Zulfa."

"Ka ce mini kar ya kwana a waje. Sau nawa ka faɗa?"

"Bar wannan."

"Ba zan bari ba! Yau zan faɗa musu."

Ya miƙe tsaye da sauri har bencin ya girgiza.

"Ki faɗa musu sannan me? Idon ya dawo?"

"Aƙalla su daina cewa kai ne."

"Su koma cewa ke ce. Ni in an zage ni ina tafiya gidanmu in kwanta. Ke fa? A gidan kike, da su za ki ci, da su za ki kwana. Duk ranar da Baba ya yi tuntuɓe da buta, kowa ke zai kalla. Yaya Hussaini neman wanda zai ɗora wa yake, don kar ya tsaya ya tuna abin da hannunsa ya yi. In ya rasa ni, ke zai samu."

"To ya same ni mana! Ni ce ai!"

Kukan da take dannewa ya ƙwace. Ya tsaya a kanta, hannayensa a bayansa, ya rasa yadda zai yi. Wani mai babur ya rage gudu ya leƙo, ya wuce.

"Ki yi haƙuri," ya ce a hankali. "Don Allah ki yi shiru, mutane na kallo."

"Ka san Haris kullum yana gidanmu?" ta ce cikin shessheƙa. "Abokin Yaya, mai kemis. Shi ya kai Baba Kano a motarsa. Kullum da ledar lemo da ayaba. Umma ta fara ce masa ɗana. Shekaranjiya ta ce in sa mayafin kirki in kai masa ruwa."

Fuskarsa ta canza, amma bai ɗaga murya ba.

"Kin kai?"

"Na kai. Ya zan yi? Mutumin da ya ɗauki ubana."

Ya koma ya zauna, nesa da ita.

"Haris ba shi da aibu," ya ce, yana kallon ƙasa. "Yana da sana'ar da ake gane ta. In abin ya kai ga haka..."

"Kar ka ƙarasa. Wallahi in ka ƙarasa ba zan yafe maka ba."

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ta miƙa hannu ta ɗaga gefen zanin gadon. Ga kogin an shafe shi da shuɗin fenti, ga jinga, ga gonaki an yi su da yankakken soso. Rabin ƙauyen ba rufi. Wasu bangayen sun karkace, wani ɗan masallaci ya kife.

"Ba ran Litinin za a kai shi garin Dutse ba?"

"Na ce su nemi wani."

"Abdul! Wata uku kana yinsa!"

"Na sayo na tireda shekaranjiya, na ce bari in ƙarasa. Ina huda bakin, warin ya bugi hancina, sai na ji muryar Baba ta cikin wayarki ranar nan. Na kasa." Ya ja zanin gadon ya sake rufe faifan. "Ki tafi gida, Zulfa. Ki yi mini alƙawari ba za ki faɗa ba."

Ta tashi ta gyara hijabinta.

"Zulfa, alƙawari."

Ba ta juyo ba.

*

Ana kiran la'asar ta shiga gida. A soro ta yi kiciɓis da Haris yana fitowa, Umma na biye da shi tana sa masa albarka. Ya gaishe ta cikin ladabi, ta amsa ba ta kalle shi ba.

A ƙarƙashin rumfa an riga an jera kayan sa rana. An ɗaure akwatin da igiya, an lulluɓe da leda saboda ruwa.

"Sai yanzu?" in ji Umma. "Babanki tun azahar yake nemanki. Lokacin maganinsa ya wuce, ya hana kowa sa masa."

Ta wanke hannu ta shiga.

Baba yana zaune kan darduma ya jingina da bango. An aske gashin idonsa na dama, fatar ta kumbura ta yi ja. Gefensa babbar rigar da ya fara wa wani ango aiki tana ninke, allura tana soke a inda ya tsaya. Alƙur'aninsa yana kan cinyarsa a rufe, ya ɗora tafin hannu a kai.

"Zulfa'u ce?"

"Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri na makara."

"Ba komai. Hussaini ya ce zai sa mini, na ce a'a. Ummanki kuma garaje gare ta. Yanzu duk kwalbar da ta nufo fuskata gabana faɗuwa yake. Hannunki kaɗai nake iya sakin jiki da shi."

Ta durƙusa gabansa. Ta ɗauki sabon maganin, ta karanta takardar sau biyu, ta buɗe murfin. Baba ya ɗaga kai sama, ya saki fuskarsa kamar yaro, yana jira.

Ta kasa.

"Lafiya? Kuka kike?"

"Baba..." Ta ajiye kwalbar a kan darduma. "Baba, ba Abdulmannan ba ne."

Ya sauke kansa a hankali.

"Ni ce. Ni na fito da shi ranar Laraba ina manna masa kwale-kwale. Umma ta kira ni, na sa shi a ƙofar firij na manta. Shi ko zuwa bai yi ba ranar. Ya gargaɗe ni, ya ce kar ya kwana a waje. Ni ce, Baba, ni na yi maka wannan. Ka dake ni, ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma kar a mayar da kayan nan. Ba shi da laifi."

Ta kifa goshinta a gefen dardumar tana kuka. Tana jiran tsawa, ko hannu a kanta. Babu wanda ya zo.

Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Bai zo ba ranar Laraba?"

"Bai zo ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya shafa bangon Alƙur'anin da yatsu.

"Kin san abin da ya sa nake nemanki tun azahar? Ba magani kaɗai ba ne. So nake in ce miki ki share hawayenki. Hussaini zai iya ɗaure akwati, amma ba shi ke aurar da ke ba. Niyyata bayan sallar isha'i in tara su in ce a kwance igiyar nan. Na ce yaron da ya zo da ƙafarsa ya durƙusa ya ce ni na yi, alhali yana iya musu, irinsa ake ba 'ya. Mantuwa kowa na yi."

Zulfa ta ɗago da sauri.

"To Baba, ai yanzu ma ya fi..."

"Tsaya. Ranar da ya zo, ban gamsu ba. Na san yadda yaron nan yake tsantseni da kayan aikinsa. Na ce masa, Abdulmannan, ka tabbata kai ne? Ya ce shi ne. Na ce ka ji tsoron Allah ka faɗa mini gaskiya. Ya ce wallahi tallahi shi ne. Sau uku, Zulfa'u. Wannan littafin yana nan inda yake yanzu, a cinyata."

Ba ta san da rantsuwa ba. Bai faɗa mata ba.

"Don ya rufa mini asiri ne, Baba. Don kar a..."

"Na gane. Ba na ce mugu ba ne. Amma ya ga ba na gani, ya rantse mini da Allah a kan ƙarya, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Gobe in na ba shi ke, in na tambaye shi lafiyarki ya ce wallahi lafiya, ta yaya zan sani? Fuskarsa zan duba?"

"Baba, don Allah..."

"Ke kuma." Nan muryarsa ta karye. "Da ranar kika zo kika faɗa, da na rungume ki. 'Yata ce, hannunta ya kuskure. Amma kwana tara. Sau huɗu a rana kina riƙe haɓata kina ɗiga mini magani, kina jin ana tsine wa bawan Allah, kina jin ina cewa ke kaɗai na yarda da ke."

Hawaye ya gangaro daga mataccen idonsa na hagu. Na daman ko hawayen bai iya yi ba.

"Na ji tsoro ne, Baba."

"Na sani."

"Ka yafe mini."

"Idon na yafe miki tun kafin ki rufe baki. Sauran ki ba ni lokaci."

A tsakar gida ta ji Hussaini yana waya da mai keke, yana cewa ƙarfe bakwai na safe, kar ya makara, kaya ne masu yawa. Ta zuba wa Baba ido tana jiran ya ɗaga murya ya kira shi. Shi ma ya ji, ta ga kansa ya ɗan karkata wajen ƙofa. Bai kira shi ba.

Ta goge fuskarta da bakin hijabi. Ta ɗauki kwalbar maganin, ta matso da gwiwa, ta kai hannun hagu za ta tallafi haɓarsa kamar kullum.

Yatsunta na taɓa shi, ya kau da kai.

"Ajiye nan," ya ce. "Kira mini Ummanki ta sa mini."